Raunin da Ido Ba Ya Gani: Shaƙuwar Jariri, Ciwon Damuwa da Makomar 'Ya'yan Tafoki

Gabatarwa

Idan aka tashi lissafin ɓarnar da 'yan bindiga suka yi a kudancin Jihar Katsina, akan ƙidaya rayukan da suka salwanta, da shanun da aka kora, da rumbunan da aka ƙone, da kuɗin fansar da aka biya. A watan Yunin 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin Ƙaramar Hukumar Faskari. A daren 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako yara 344. A watan Satumban 2021 kuwa, lamarin ya kai ga toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa.

To amma akwai wata asara da ba ta shiga lissafi. Ita ce ta jaririn da aka tafi da mahaifiyarsa daji ya yi watanni yana kukan nemanta, ko wanda mahaifiyar tana nan amma firgici da baƙin ciki sun ɗauke mata hankali, yana kallon fuskarta ba ya samun amsa. Jaririn da ake goye da shi a Tafoki ko Daudawa ko Yankara a shekarar 2020, a yau ya isa shiga firamare, gobe kuma shi ne ɗalibin sakandare. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne: irin waɗannan yara suna cikin haɗarin kamuwa da ciwon damuwa idan sun girma, kuma babban abin da ke kare su, yake kuma taimaka wa wanda ya riga ya kamu, shi ne samun mutumin da zai kula da abin da ke cikin ransu. Wannan fasaha ce da ake iya koya wa malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na karkara, don haka bai kamata a zauna jiran likitocin ƙwaƙwalwa da ba su isa ba.

Mece ce Shaƙuwa?

A ilimin halittu, shaƙuwa ita ce igiyar da ke ɗaure jariri da wanda ke renonsa. Ɗan Adam yana zuwa duniya ba ya iya gudu, ba ya iya neman abinci, ba ya ma iya kwantar da hankalin kansa. Saboda haka aka halicce shi da kuka da murmushi da riƙo, domin ya jawo babba kusa da shi. Daga wata shida zuwa tara, yaro kan fara bambance nasa da baƙo, wanda shi ne abin da Hausawa ke kira ƙiwa.

Wani likita Baturen Ingila mai suna John Bowlby ne ya fara tsara wannan bayani. A shekarar 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto game da yaran da suka rasa gida da iyaye bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya nuna cewa ci da sha kaɗai ba sa wadatar da yaro. A shekarar 1958 Harry Harlow na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ya ƙarfafa wannan magana da gwaji. Ya raba 'ya'yan birai da iyayensu, ya ajiye musu gumaka biyu: ɗaya na waya mai ɗauke da kwalbar madara, ɗaya kuma lulluɓe da tattausan ƙyalle ba madara. Birran suka riƙa zuwa wajen na wayar su sha, sa'an nan su koma su wuni maƙale da mai ƙyallen, kuma da zarar an tsorata su wurinsa suke gudu.

Wato ke nan, mai reno mafaka ne. Yaron da ya tabbata cewa idan ya yi kuka za a zo, shi ne ke samun ƙarfin zuciyar rarrafawa ya binciki tsakar gida. Wanda bai da wannan tabbaci kuwa, ko dai ya maƙale ya ƙi sakin zane, ko ya daina neman kowa, ko kuma ya rikice idan wanda yake gudu wurinsa shi ne kuma yake tsorata shi.

Shin Ba Zancen Turawa Ba Ne?

Mai karatu na iya cewa wannan al'adar Turai ce, inda uwa ke zaune ita kaɗai da ɗanta. A ƙasar Hausa kuwa ɗa na kowa ne: kishiya na goyo, kaka na reno, yaya na ɗauka, ga kuma kunyar ɗan fari wadda ke hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane. Wannan tambaya ce mai ma'ana, kuma tarihin binciken kansa ya amsa ta.

Da farko, ba a Turai aka fara nazarin shaƙuwa a cikin gidaje ba. Mary Ainsworth ta yi shi ne a tsakanin 1954 da 1955 a ƙauyukan da ke kusa da Kamfala ta ƙasar Yuganda, inda ta riƙa ziyartar iyalai 26. Na biyu, an yi irin wannan nazari a ƙasar Hausa. A shekarar 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon lura da jarirai 18 na Hausawa. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum fiye da ɗaya, amma galibinsu suna da wanda suka fi nema idan hankalinsu ya tashi, wato wanda ya fi ɗaukarsu da kula da su.

Darasin da ke nan yana da muhimmanci. Jariri ba ya tambayar wace ce ta haife shi. Abin da yake nema shi ne hannun da ba ya sauyawa da fuskar da ke amsa masa. Kunyar ɗan fari da kai yaro yaye gidan kaka, waɗanda Baba ta Karo ta bayyana a littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954, ba su zama rauni ba matuƙar akwai wata da ta tsaya wa yaron. Hasali ma, yawan masu reno garkuwa ce. Abin tsoron shi ne, harin 'yan bindiga yakan fasa garkuwar gaba ɗaya a dare guda: a kashe uba, a tafi da uwa, kaka ta yi gudun hijira zuwa Funtuwa, kishiya ta nufi wani gari, yaro ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Jiki

Ɗaliban kimiyya sun san cewa a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarai cikin jini. Idan mutum ya hangi haɗari, wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala yakan buga ƙararrawa, saƙo ya sauka zuwa waɗannan tsokoki, su saki adirinalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugawa, sukari ya ƙaru a jini, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Idan haɗarin ya wuce, wani sashen mai suna hifokamfas yakan ji yawan kotisol ɗin, ya taimaka a rufe famfon. Jariri bai iya rufe wannan famfo da kansa ba. Rarrashi da goyo da muryar mai reno ne ke rufe masa, har jikinsa ya koya.

Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar Magil ta Kanada sun nuna yadda hakan ke gudana a jikin ɓeraye. A rahotonsu na 2004 sun bayyana cewa 'ya'yan ɓeran da uwa ke yawan lasa a makon farko suna girma da yawan na'urorin jin kotisol a hifokamfas, don haka suna saurin natsuwa bayan tsoro. Da aka musanya 'ya'yan tsakanin iyaye, sai suka ɗauki halin wadda ta rene su. Ƙwayoyin gadon ba su sauya ba. Abin da ya sauya shi ne wasu alamomin sinadari da ke kansu, masu buɗe su ko rufe su.

Mutum ba ɓera ba ne, amma akwai shaida daga 'yan Adam. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a ƙasar Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara a gidajen marayu, ana ba su abinci amma ba mai ɗaukarsu. A farkon shekarun 2000 masu bincike suka bi yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalan riƙo. Da suka kai shekara uku da rabi, kusan rabin waɗanda aka ba riƙo sun sami shaƙuwa mai natsuwa, alhali a cikin waɗanda suka rage a gidan marayu ba a sami ko ɗaya cikin biyar ba. Waɗanda aka ba riƙo kafin su cika shekara biyu su ne suka fi farfaɗowa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga Raunin Ƙuruciya Zuwa Ciwon Damuwa

Ciwon damuwa ya bambanta da ɓacin rai na yau da kullum. Likitoci na gane shi idan mutum ya kai mako biyu ko fiye cikin ƙunci kusan kowace rana, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, barci da cin abinci suka rikice, ƙarfi ya ƙare, hankali ya kasa tattaruwa, yana ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya riƙa tunanin mutuwa. Sau da yawa mai ciwon ba zai ce ransa a ɓace yake ba. Zai yi kukan ciwon kai, ko nauyin ƙirji, ko faɗuwar gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa fiye da mutum miliyan 7 ne ke fama da shi a Nijeriya, wato kashi 3.9 cikin ɗari na jama'a.

Dalilansa suna da yawa: gado, talauci, doguwar jinya, rashin masoyi. Amma wahalar ƙuruciya tana cikin manya. A 1998 Vincent Felitti da Robert Anda suka wallafa binciken da suka yi kan manya fiye da 9,000 a Amurka. Sun gano cewa wanda ya haɗu da nau'i huɗu ko fiye na wahalar ƙuruciya, kamar duka mai tsanani ko ganin ana cin zarafin mahaifiyarsa, haɗarin faɗawarsa cikin damuwa ya ninka fiye da sau huɗu. A 2012 kuma, wasu masana a Landan suka tattara bincike da dama suka nuna cewa ciwon irin waɗannan mutane ya fi daɗewa, ya fi komowa, ya kuma fi wuyar jin magani.

Wajibi ne a yi hattara a nan. Haɗari ba hukunci ba ne. Yara da yawa da suka sha wuya suna girma lafiya ƙalau, kuma maraici ba cuta ba ne. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me ke kare waɗanda suka tsira?

Hangen Zuci

Amsar da Peter Fonagy da abokan aikinsa na Landan suka bayar ita ce wata baiwa da suke kira mentalaizeshan, wadda za a iya kira hangen zuci da Hausa. Ma'anarta ita ce mutum ya iya fahimtar cewa bayan kowane aiki, nasa ko na wani, akwai tunani da ji da buƙata, kuma ya san cewa hasashensa na iya zama kuskure. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Hangen zuci ya ƙara da cewa: bayan an duba fuskar, a tambayi mai ita.

Ba a haihuwar yaro da cikakkiyar wannan baiwa. A hannun mai reno yake koyonta. Idan jariri ya tsorata, kakarsa ta ɗauke shi tana cewa "Ayya, ka ji tsoro ko? Yi shiru, ga ni nan," tana nuna masa tsoron a fuskarta amma a tausashe, to ta zama masa madubi. A hankali yakan gane cewa abin nan da ke motsi a cikinsa yana da suna, kuma yana wucewa. Idan madubin ya ɓace, ko ya zama abin tsoro, yaro kan tashi da ji iri-iri da ba shi da sunansu.

A rahoton da Fonagy da abokansa suka fitar a 1994 akwai abin lura. Sun yi hira da mata tun suna da ciki, suka ware waɗanda suka sha wahala a ƙuruciyarsu. Guda 10 daga cikinsu suna da ƙarfin hangen zuci, kuma dukkan jariransu sun sami shaƙuwa mai natsuwa. Sauran 17 da ba su da wannan ƙarfi, jariri ɗaya ne kawai ya samu. Adadin ƙarami ne, amma ya nuna hanya: raunin iyaye ba dole ne ya gangaro kan 'ya'ya ba.

Ko mai lafiya yakan rasa hangen zuci idan ransa ya ɓaci ƙwarai, domin tashin hankali yana raunana aikin sashen goshi na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke auna al'amura. Ga wanda ya tashi da rauni kuwa, abu kaɗan ke kashe wannan fitila. Masana sun lura da hanyoyi uku da tunani ke karkata a lokacin. Ta farko, mutum ya ɗauki abin da yake ji a matsayin tabbatacciyar gaskiya: "Ina jin ba ni da amfani, saboda haka ba ni da amfani." Ta biyu, ya yi ta magana a kan damuwarsa kamar yana ba da labarin wani, ba tare da maganar ta taɓa shi ba. Ta uku, ya ƙi yarda ana ƙaunarsa sai ya ga wani aiki a zahiri, kamar kyauta ko ziyara a daidai lokacin da yake so.

Yadda Ake Jinyar

Jinyar hangen zuci zantawa ce da ake yi a kai a kai, galibi mako-mako, tsakanin majinyaci da wanda aka horar. Mai jinyar ba ya wa'azi, ba ya kuma nuna ya san abin da ke ran majinyaci fiye da shi. Aikinsa shi ne ya kwantar da hankali tukuna, sa'an nan ya yi tambaya da son sani na gaskiya.

A ɗauki misalin ɗaliba 'yar shekara 16 da ta tashi a hannun dangi daban-daban. Ta zo tana cewa, "Malama, ƙawata ta tsane ni. Na gaishe ta ba ta amsa ba. Dama ni ba mai so na." Malamar ba za ta ce mata ta daina wannan shirme ba, ba kuma za ta gaskata ta nan take ba. Za ta ce, "Lallai abin ya yi miki zafi, 'yata. Tsaya mu koma baya kaɗan. Da kika gaishe ta ta wuce, me kika fara ji a jikinki?" Idan yarinyar ta ambaci faɗuwar gaba da kunya, sai a tsaya a kansu har su sami suna. Bayan ta natsu sai malamar ta ce, "Ni ban san abin da ke ranta ba. Ke me kike gani zai iya sa mutum ya wuce bai ji gaisuwa ba?" Wataƙila a nan ne yarinyar za ta tuna cewa wan ƙawar tata yana hannun masu garkuwa.

Ba a yi wannan don a tabbatar mata cewa ta yi kuskure ba. Manufar ita ce ƙofar da ta rufe a kan fassara guda ta sake buɗewa. Idan aka maimaita haka tsawon watanni, kuma mai jinyar ya kasance yana nan a ranar da ya yi alkawari, majinyaci kan ɗanɗani abin da ya rasa tun yana goye: wani ya riƙe shi a rai. Daga nan yakan fara amincewa da mutane, har ya iya karɓar taimakon dangi da abokai da a da yake turewa.

Ina Hujja?

Ilimin kimiyya ba ya karɓar magana don daɗinta. Anthony Bateman da Peter Fonagy sun fara gwada wannan jinya a Landan a 1999 kan masu wata lalura ta rikicewar hali da yawan cutar da kai, aka ga raguwar yunƙurin kashe kai da alamomin damuwa, kuma amfanin ya ɗore da aka sake duba su bayan shekara takwas. A 2012 Trudie Rossouw da Fonagy suka gwada ta kan matasa 80 masu ji wa kansu rauni, aka sami raguwar wannan ɗabi'a da ta damuwa. Akwai kuma gajeren tsari na zama 16 da aka gina a kan wannan tunani musamman don ciwon damuwa, wanda asibitocin gwamnatin Ingila ke amfani da shi.

Sai dai hujjar ba ta zo ɗaya a ko'ina ba. A wani ƙaramin gwaji da aka yi kan mutum 44 a ƙasar Denmak a 2014, wata jinyar zantawa mai gyara salon tunani ta fi ta hangen zuci tasiri ga masu ciwon damuwa. Don haka ba daidai ba ne a tallata ta a matsayin maganin kowa. Magungunan asibiti suna da amfani, musamman idan ciwon ya tsananta, kodayake sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne, wanda ciwonsa ya samo asali daga karyewar aminci tun yana ƙarami, ƙwaya kaɗai da wuya ta ishe shi. A 2003 Charles Nemeroff da abokan aikinsa suka duba majinyata 681 masu daɗaɗɗen ciwon damuwa a Amurka, suka ga cewa waɗanda suka sha wahalar ƙuruciya sun fi amfana da zantawa fiye da ƙwaya ita kaɗai.

Wa Zai Yi Aikin a Tafoki?

Ƙididdigar da aka riƙa bayarwa a farkon shekarun 2020 ta nuna cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin wannan fanni, irin na Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato, tafiyar sa'o'i ce daga Tafoki, a kan hanyoyin da ba kullum ake binsu da kwanciyar hankali ba. Bazawarar da ke neman abin da za ta sa a tukunya ba za ta je can mako-mako ba.

Afirka ta riga ta nuna mafita. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowanne tare da ɗan uwansa, maimakon kulle su. A unguwar Khayelitsha ta Afirka ta Kudu, an horar da matan unguwa su riƙa ziyartar masu ciki da masu jego suna nuna musu yadda za su karanci alamomin jariransu; a rahoton 2009 da ya shafi mata 449, kashi 74 cikin ɗari na jariran da aka ziyarta sun sami shaƙuwa mai natsuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 63. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin 2016 ya tabbatar da amfanin haka. A Ibadan, Farfesa Oye Gureje ya nuna a 2019 cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci na iya jinyar ciwon damuwa idan an horar da su ana kuma duba aikinsu. Ba dukkan waɗannan ne jinyar hangen zuci ba, amma sun tabbatar da cewa sauraro mai tsari ba sai likita ba.

Wani zai ce mai jin yunwa ba ya buƙatar hira. Gaskiya ne abinci da tsaro su ne gaba. Amma uwar da damuwa ta danne takan kasa shayarwa da ciyarwa yadda ya kamata, don haka kula da ranta yana cikin kula da cikin ɗanta. Wani kuma zai ce haƙuri da addu'a sun isa. Addu'a ginshiƙi ce ga mai imani, kuma ba ta hana neman magani, kamar yadda ba ta hana mai zazzaɓin cizon sauro zuwa asibiti.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da hukumar kula da lafiya a matakin farko su horar da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitocin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kan gane ciwon damuwa ga masu ciki da masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora don irin wannan horo tun 2010, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba da madogara.

Na biyu, idan yaro ƙarami ya rasa mahaifiya, dangi su zaɓi mutum ɗaya da ya riga ya sani ta riƙe shi, a daina yi masa karɓa-karɓa. Masu raba kayan agaji su tallafa wa wannan mai riƙo.

Na uku, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, tare da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, su fassara waɗannan dabaru zuwa Hausa, su gwada su a yankin, su auna sakamakon. Abin da ya yi aiki a Landan sai an gwada shi a Sheme kafin a ce ya karɓu.

Na huɗu, malaman makaranta. Ɗalibin da ke barci a aji, ko ya daina magana, ko yake zabura idan an buga ƙofa, kafin a ɗauko bulala a tambayi kai: me ke faruwa a ransa? A kira shi gefe a tambaye shi, a kuma riƙe sirrinsa. Malami ba likita ba ne, saboda haka duk ɗalibin da ya ambaci kashe kansa, a sanar da iyayensa a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Na biyar, ɗalibai. Wanda ya ga waɗannan alamomi a jikinsa ya sani cewa ciwo ne mai magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ya faɗa wa babban da ya amince da shi, ya nisanci tiramol da kodin da duk wata ƙwayar da ba likita ne ya rubuta ba. Wanda kuma ya gan su ga abokinsa, ya zauna kusa da shi ya saurara.

Kammalawa

Ƙauyen da aka ƙone ana iya sake gina shi cikin rani guda, gonar da aka bari ana iya nome ta da daminar farko. Amincin da ya karye a zuciyar yaro kuwa yana ɗaukar shekaru, kuma ba ya gyaruwa sai ta hannun wani mutum. Ilimin halittu ya nuna cewa shekarun farko suna barin sawu a jiki, ya kuma nuna cewa ƙwaƙwalwa tana ci gaba da koyo har tsufa. Yankin Tafoki yana da kakanni da gwaggwanni da malamai da ungozomomi. Abin da ya rage shi ne a ba su horo da tallafi. Rigakafi ya fi magani, kuma lokacin rigakafin yaran da aka haifa cikin wannan fitina yana wucewa kowace rana.